Jan Fentin Badamasi

Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar tasha a Haɗeja ya san rumfar Badamasi, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfa ce ta langa-langa da aka jingina da katangar wani shagon niƙa, ƙyaurenta ya sha gwajin fenti har ba a gane asalin launinsa. Ni sunana Shu'ibu, acaɓa nake yi. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka ni da shi taubasai ne. Tare muka taso a Garin Kolo, wani ƙauyen masunta a fadamar Auyo, kuma yawancin abin da zan faɗa a kansa a kan idona aka yi.

Sana'arsa rubutu da zane da fenti, amma ba da buroshi yake yi ba. Ledar nan mai danƙo a baya yake saya, wadda ake kira sitika. Zai shimfiɗa ta a kan wani tsohon gilashin tagar mota, ya zana abin da yake so da biro, sannan ya bi layin da tsinin reza. Sai ya sa allura ya ɗage wuraren da fenti zai shiga, ya bar sauran. Abin da ya yanka ɗin shi yake kira shaci. Idan ya manna shacin a jikin allo ko faranti ko tankin babur, sai ya bi shi da bayan cokali yana murzawa, musamman bakin yankan, har ya tabbata babu inda iska ta maƙale. Daga nan ya dangwali fenti da guntun soson katifa, ya goge kusan duka a jikin kwali, ya riƙa daddannawa a hankali. Mai kallo zai ɗauka babu abin da ke sauka. Shi kuwa yakan ce idan soso ya jiƙe, fenti zai bi ta ƙarƙashin shaci ya ɓata bakin zane, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Kafin fenti ya gama bushewa yake ɗaye shacin, daga kusurwa guda, yana riƙe da numfashi. Mutum ne mai surutu da tsokana, amma a wannan lokacin ba a yi masa magana.

Mahaifinsa, Kawu Haladu, masunci ne ɗan masunci. Ya so ƙwarai Badamasi ya gaje shi. Tun muna ƙanana yake ɗora mu a kan gora, ya tura mu cikin ruwa da koma a hannu. Ni nakan kamo ɗan abin da ya samu. Badamasi kuwa idan ya kama karfasa ɗaya, ya gama aikin ranar. Zai fito gaɓa ya kwantar da ita a kan yashi, ya zauna yana kallon yadda ɓawonta ya hau kan juna, ya ɗauki tsinke yana kwaikwayo a ƙasa har kifin ya bushe a rana. Kawu ya yi faɗa, ya yi duka, ya haɗa shi da malamai. Da ya ga abin ba ya sauyawa, sai wata ranar kasuwa ya kama hannunsa ya kawo shi Haɗeja wurin wani mai rubutun alluna, Malam Zainu, ya ce ga shi nan, in ana cin abinci da wannan abin da yake yi to a koya masa.

Malam Zainu da tsofaffin hotunan ƙirji na asibiti yake yanka nasa shacin. Suna da ƙwari, amma ba sa mannuwa, sai an danne da hannu, kuma ko yaya aka motsa fenti ya zarce. Da sitika ta fara shigowa daga Kano ana liƙa wa motoci, Badamasi ne ya fara tunanin a yanka ta a yi shaci da ita. Maigidansa ya ce ɓarna ce, abin da za a yi aiki da shi sau ɗaya a yar. Amma da ya ga yadda bakin rubutun ya fito kamar an yanka da wuƙa, sai ya ƙyale shi. Bayan rasuwarsa Badamasi ya kafa tasa rumfar.

Wata Sallah ya koma gida da gwangwanayen fenti a buhu. Bai nemi izini ba, ya ja jirgin Kawu gaɓa ya wanke, ya bari ya bushe, ya zana tarwaɗa a goshinsa, gashin bakinta yana bin gefen katako. Kawu ya zo ya tsaya ya duba, ya juya ya tafi. Amma daga ranar ya daina ɗaure jirgin a lungun da ya saba, sai a bakin mashigi inda kowa ke wucewa.

Daga nan aiki ya buɗe. Masunta daga Auyo har Kirikasamma suka riƙa aiko masa. Ni nake kai shi, yana bayana rungume da gilashinsa, yana zagina cewa ina neman ramuka da gangan. Ya yi wa 'yan acaɓa sunaye a tanki, ya yi wa makarantun Islamiyya baji a riga, ya yi wa masu injin casar shinkafa tambari a buhu. Abin da ya fi so shi ne farantan amare. Iyaye mata sukan kawo fararen faranti da tire, ya zana musu kifaye. Ba ya maimaita kifi. Wannan gaiwa, wancan kurungu, wani ragon ruwa. Launi uku ko huɗu yake sa wa kowane, kuma kowane launi da shacinsa, sai na farko ya bushe a manna na biyu a kai, a daidaita da ido. Faranti ɗaya yakan ci masa yini. Na sha gaya masa cewa matan nan fure suke so, ba abin miya ba. Yakan ce ai ni ban san komai ba sai hayaƙin salansar babur.

A shekarun ne ya auri Mardiyya, 'yar Kirikasamma, mace mai sanyin magana da saurin hannu. Ita ta karɓi aikin allura. Da la'asar za ka same ta a tsakar gida da tire a cinya tana ɗage ƙananan yanka, yara suna liƙa ragowar a goshinsu. Ba su yi arziki ba. Amma ana ɗora tukunya, kuma duk wanda zai je Garin Kolo ana ba shi saƙon goro da sukari ya kai wa Kawu.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Da farko wani matashi mai suna Rilwanu ya buɗe shago a bakin titi da kwamfuta da injin buga bana, wato manyan allunan talla na leda. Abin da Badamasi zai yi kwana biyu yana yanka, injin kan fitar da shi kafin mutum ya gama shan ruwan leda, har da hoton fuskar mai shago. Makarantu suka koma can, masu casa suka bi. Sannan kasuwa ta cika da farantai masu fure da aka bugo daga waje, masu sheƙi da araha. Masunta ne suka rage masa, su kuma kacala ta sa su gaba. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, inda muke shiga da jirgi da muna yara ya zama dajin da ko kare ba ya ratsawa. Kifi ya ja baya. Mutumin da bai kamo na miya ba, ba zai kira mai fenti ya yi wa jirginsa ado ba.

A lokacin ne kuma tari ya fara kama shi. Shekara da shekaru yana zaune a rumfar da ba ta da taga, yana shaƙar fenti da kananzir. Yakan ce mura ce.

Sai shekarar babbar ambaliya. Ruwa ya zo a ƙarshen damina, lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ciki, ya shafe gonaki, ya yanke hanyoyi, ya shiga ƙauyuka. A Haɗeja jingar ƙasa da ta kare gari daga kogi ta riƙe, amma ruwan sama ya rasa mafita ya kwanta a unguwanni. Ya shiga rumfar Badamasi har gwiwa. Naɗin sitikar da yake da ita duka ta jiƙe, danƙon ya mutu. Zanen kifayen da ya tara tun zamanin Malam Zainu, waɗanda yake ajiyewa tsakanin kwalaye, suka manne da juna suka zama dunƙule guda. Na same shi yana ƙoƙarin raba su da bakin reza. Duk wanda ya ɗago sai ya taho da rabin na ƙasansa. Da ya gaji ya kwashe su ya zuba a kwata.

A Garin Kolo gidaje da yawa sun faɗi. Na Kawu ɗaki ɗaya ya zube, ɗaya ya tsage, amma zaure da ɗakin da yake kwana suna tsaye.

Bayan ruwa ya janye, wata ƙungiyar agaji ta zo da fararen motoci ta kama ofis a gari. Wani ma'aikacinsu, Misbahu, ɗan Kaugama ne, ya san Badamasi tun lokacin da ya yi wa makarantarsu allo. Shi ya zo rumfa da bayani. Ya ce za a zaga ƙauyukan da ruwa ya ci, masu duba gini za su nuna gidajen da ba su da aminci, a sa musu alama. Duk mai alama za a ba shi fili a kan tudu, a gina masa ɗaki na bulo da kwano. Suna son alamar da ba za a iya kwaikwaya ba, kuma ruwa ba zai wanke ba.

Ban taɓa ganin Badamasi cikin murna irin ta wannan makon ba. Ba aikin kawai ba ne. Gani yake Allah ya kawo ranar da sana'arsa za ta yi wa mutanensa amfani. Ya aika Kano aka kawo sabuwar sitika. Ya zauna ya tsara alamar da kansa: da'ira, a cikinta ɗan gida, a ƙarƙashinsa layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Shi da Mardiyya suka yi ta yanka har yatsunsu suka yi kanta. Ya zaɓi jan fenti mai mai, irin na mota, don ya daɗe.

A ƙauyen farko muka gane cewa sitika ba ta kama bangon ƙasa, balle mai danshi. Ana mannawa take saɓulowa da yashi a bayanta. Badamasi ya ce to a riƙa sawa a ƙyaure, tunda yawanci na langa-langa ne ko katako. Misbahu ya yarda. Haka muka riƙa bi, wani wurin a babur, wani wurin a sa babur ɗin a jirgi. Masu duba gini suna gaba, su zaga gida, su ƙwanƙwasa bango, su gyaɗa kai. Badamasi ya goge ƙyaure da tsumma, ya manna, ya murza da cokali, ya danna ja, ya ɗaye. Mutane suna tarbarsa kamar ango. Ana kawo masa fura, ana sa masa albarka. Waɗanda ba a sa wa ba suna biyo shi har bakin ruwa suna roƙo, yana ba su haƙuri cewa ba shi ke zaɓa ba. A bakinsa mutane suka ji yawancin bayanin fili da ɗakin bulo, domin ma'aikatan ba sa tsayawa, shi kuwa dole ya tsaya a kowace ƙofa. Abin da aka gaya masa shi yake faɗa, kuma ya yarda da shi.

Ranar da muka isa Garin Kolo, bayan azahar ne. Kawu yana zaune a kan tabarma a ƙofar zaure yana ɗinkin taru, duk da babu inda zai jefa shi. Masu duba gini suka shiga suka fito, suka gyaɗa kai, suka wuce gidan gaba. Badamasi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye gwangwani, ya kasa buɗewa.

Kawu ya ce, “Kai a ganinka gidan nan faɗuwa zai yi?”

“Baba, ni ban san gini ba. Sun ce wanda ba a sa wa ba, ba shi da fili a tudu.”

“Ba su na tambaya ba.”

Badamasi ya sunkuyar da kai. Can ya ce ruwan bana ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, kuma kowa na cewa na baɗi zai fi. Ya ce yana so ya riƙa kwana a Haɗeja ba tare da yana tunanin bango a kan mahaifinsa ba.

Kawu ya daɗe yana kallon zauren. A gidan nan aka haife shi, a nan aka yi wa mahaifiyata kamu. Sannan ya janye tabarmarsa gefe ya ba da hanya.

“To sa. Amma ka daidaita shi, kada ya karkace. Mutane na wucewa ta nan.”

Ya sa. Ban taɓa ganin ya daɗe yana murza shaci kamar na ranar ba.

Da sanyi ya shigo aka aiko cewa masu alama su koma tudun da aka nuna, wani faƙo mai nisa da ruwa, domin waɗanda aka samu a wurin su za a fara yi wa gini. Da yake alamar a ƙyaure take, kuma ita ce shaidar kowa, sai mutane suka ɓalle ƙyamarensu suka tafi da su. Na je wurin sau da yawa. Bukkoki ne na zana da tamfol a jere, kowace da ƙyauren gida a jingine a gabanta, jan zanen yana fuskantar hanya don masu mota su gani idan sun zo. An kawo bulo tifa ɗaya, an haƙa tushen ɗakuna kaɗan. Daga nan ba a sake ganin kowa ba.

Mutane suka jira. Rani ya wuce ba wanda ya yi yaɓe a tsohon gidansa, don an ce wanda ya koma ya fita daga tsarin. Gidajen suna can a buɗe, awaki na shiga, gara na ci. Da damina ta dawo, ruwan bai ma kai na bara ba, amma gidajen da ba a gyara ba suka zube ɗaya bayan ɗaya. Zauren Kawu yana cikinsu. Maƙwabtansa da ba a sa wa alama ba, waɗanda suka bi mu suna roƙo, sun gyara nasu suna ciki.

Badamasi ya yi ta zarya ofishin ƙungiyar har ranar da ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Na kai shi Kaugama muka nemo Misbahu, muka same shi a gonar riɗi. Bai ɓuya ba. Ya ce aikin na wa'adi ne, wa'adin ya ƙare, waɗanda ke ba da tallafin sun juya wata ƙasa, shi ma an sallame shi. Ya ce ya rubuta, ya buga waya, babu amsa. Ya riƙa ba Badamasi haƙuri har muka rasa wanda zai lallashi wani.

Mutanen ƙauyuka ba su san Misbahu ba, ba su san sunan ƙungiya ba. Fuskar da suka sani ita ce ta wanda ya tsaya a ƙofarsu. Suna zuwa rumfa ranar kasuwa, wasu da tambaya, wasu da zagi. Wata tsohuwa daga wajen Auyo ta sa aka ɗauko mata ƙyaurenta a amalanke, aka jingina masa a bakin rumfa, ta ce ya riƙe kayansa. Sunan Jan Fenti ya bi shi. Idan na ɗauko fasinja daga fadama nakan ji ana labarinsa a bayana, har da ƙarin cewa da shi aka raba kuɗin da aka turo. Nakan tsaya in yi musu, wani lokaci in sauke mutum a hanya. Bai hana komai ba.

Ya roƙi Kawu ya dawo Haɗeja ya zauna da su. Kawu ya ƙi. Ya ce ba zai bar mutanen da suka biyo shi tudu ba, domin da yawa ganin ya yarda ne suka yarda. A cikin wannan daminar sanyi ya kama shi a bukka, ƙafafunsa suka kumbura. Kafin hanya ta bushe a fito da shi, ya cika.

A wurin zaman makoki, ƙanen Kawu, Baffa Auta, ya jira sai da aka shafa fatiha, jama'a ba su watse ba, ya dubi Badamasi.

“Da hannunka ka fitar da shi daga gidan ubansa. Ka je, mu mun yafe. Amma kada ka sake zuwa mana da gwangwani.”

Badamasi ya ce, “To, Baffa.” A hanyar dawowa bai riƙe ni ba ko a cikin ramuka.

Rumfar ba ta daɗe ba bayan haka. Mutanen fadama sun daina zuwa, na gari dama sun tafi tuni. Rilwanu mai injin buga bana, wanda ba mugun yaro ba ne, ya kira shi ya ba shi aiki. Ya sayo injin da ke yanka sitika da kansa, amma injin ba ya ɗage yankan, sai an sa hannu. Badamasi ya zauna a kan benci a bayan shago da allura, yana tsince cikin haruffan da na'ura ta yanka, aikin da Mardiyya ke yi masa a da tana hira. Yaran shagon suna kiransa Baba, suna aikensa sayen ruwa in Rilwanu ba ya nan. Ya yi shekara a haka. Sai ido ya fara gardama, yana tsince abin da ya kamata ya bari. Tari kuma idan ya taso sai allurar ta huda aiki. Rilwanu bai kore shi ba, ya dai ce ya je ya huta, in ya ji sauƙi ya dawo. Dukansu sun san abin da ake nufi.

Mardiyya ta riƙe gidan da suyar awara iya ƙarfinta. Da abin ya fi ƙarfin kasko, yayyenta suka zo daga Kirikasamma suka ce ta taho da ƙananan yaran su zauna can har abubuwa su daidaita. Ba saki ba ne, ba faɗa ba ne. Badamasi da kansa ya ɗaure musu kaya, ni na kai su mota. Takan zo duk bayan wani lokaci ta share ɗakin, ta yi masa wanki, ta koma.

Sau ɗaya ya sake gwadawa. Wata mata da ya yi wa farantai lokacin aurenta za ta aurar da 'yarta, ta nemo shi har gida da farin tire, ta ce irin nata take so. Ya yi wanka, ya sa hula, ya fito da gilashin nan tsakar gida inda haske yake. Ya zana gaiwa da biro, kuma wallahi zanen yana nan yadda na san shi. Amma da ya ɗauki reza hannun ya ƙi tsayawa. Ya yanka, ta zarce. Ya sake wata ledar, ta zarce. Ina zaune ina kallo har ledar ta ƙare. Ya naɗe tiren a ƙyallen da aka kawo shi a ciki, ya ce in mayar mata, in ce ba ya jin daɗi.

Na kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce huhun ya taɓu, ya rubuta magani, ya ce ya nisanci fenti da hayaƙi. Badamasi ya yi 'yar dariya ya ce wannan umarnin ya riga ya cika shi.

Bana ma ruwa ya taso. Kwanakin baya aka yi shela a masallatai cewa duk mai ƙarfi ya fita bakin jinga, kogi ya kusa kai baki. Na ajiye babur na je da la'asar. Mutane sun cika wurin, wasu na haƙa, wasu na ɗauka, ruwa ja yana tafe da ciyayi da rassan itace, yana lasar buhunan da aka jera jiya. Can gefe na hango Badamasi. Ba ya iya ɗaga shebur, ba ya iya ɗaukar buhu. Ya durƙusa a ƙasa ya riƙe bakin buhu a buɗe, wani yana zuba masa ƙasa, ƙurar tana tashi a fuskarsa yana tari. Na ce ya tashi in kai shi gida, likita ya hana shi wannan.

Ya ce, “In na koma me zan yi a can?”

Na tambaye shi ko yana ganin jingar za ta riƙe. Ya dubi ruwan, ya ce shi ya daina gaya wa mutane abin da zai faru. Sannan ya jawo wani buhun ya buɗe bakinsa, ni kuma na karɓi shebur daga hannun mai zubawar, wanda ya gaji.